Gwanintar Harhaɗa Gajerun Bidiyon Motsa Jiki

A shekarar 1982, lokacin da 'yar fim ɗin nan ta Amurka, Jane Fonda, ta fitar da kaset ɗinta na motsa jiki, wanda ya saya ba shi da wani dogon zaɓi. Darasi biyu ne a ciki, na 'yan koyo mai kimanin rabin awa, da na waɗanda suka saba mai kimanin awa guda. Ka zura kaset, ka ture kujerun falo gefe, ka bi ta daga farko har ƙarshe. Mai ciwon gwiwa da mai ƙoshin lafiya, 'yar shekara 20 da 'yar 50, duk abu ɗaya ake ba su. Duk da haka kaset ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, har ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a zamanin bidiyon kaset.

Yau lamarin ya juye. Buɗe YouTube kawai, sai ka tarar da guntaye rututu: minti 5 na ɗumama jiki, minti 10 na cinya, minti 8 na ciki, minti 15 na tafiya a wuri ɗaya irin na Leslie Sansone, minti 6 na miƙa a tashar Yoga With Adriene, ga ɗaruruwan bidiyon FitnessBlender. Kullen korona ya ƙara hura wutar abin. A watan Maris na 2020, sama da mutum 900,000 ne suka kalli darasin Joe Wicks na Ingila kai tsaye a safiya ɗaya. Bidiyo dai ya wadata har ya yi yawa. Wanda ya iya jera shi ne ke wuyar samu, kuma shi nake son in yaba a nan.

Guntayen nan tamkar yadi ne a Kantin Kwari. Kowa da kuɗinsa zai iya yanka, amma yadi ba riga ba ne sai ya bi ta hannun telan da ya auna kafaɗa, ya san inda zai rage da inda zai ƙara. Akwai mutane, maza da mata, da yawansu ba su taɓa shiga ajin koyon horar da jiki ba, amma suka ƙware wajen ɗauko bidiyo uku ko huɗu na masu koyarwa daban-daban su mayar da su atisaye ɗaya da ya yi daidai da jikinsu, da lokacinsu, da faɗin ɗakinsu. Daga nesa abin kamar danna waya ne kawai. Idan ka matso sai ka ga lissafi.

Gwanin wannan fanni ba ya fara bidiyo da jikinsa, da idonsa yake farawa. Zai zauna da takarda da biro, ya ninka saurin bidiyon, ya kalle shi har ƙarshe yana rubuta motsin da ke ciki. Dalilinsa mai ƙarfi ne: sunan bidiyo ba ya faɗin gaskiyar abin da ke cikinsa. Wannan an rubuta masa “ƙona kitse”, wancan “ƙarfin ƙafa”, na uku “dukan jiki”. Ɗan koyo zai ɗauka abinci kala uku ya samu. Amma idan aka duba, na farko tsugunno da tsalle ne, na biyu tsugunno ne da taku mai nisa ana durƙusawa, na uku ma da tsugunnon ya buɗe. Wanda ya jera su ukun ya ɗora wa gwiwarsa rabin awa na aiki iri ɗaya, bayansa da damatsansa kuwa ko gaisuwa ba su samu ba. Bayan mako biyu sai ka ji ya ce motsa jiki bai karɓe shi ba, alhali jerin ne bai yi ba. Gwani tun a takarda yake kama wannan maimaicin, ya soke biyu ya bar ɗaya.

Sai yanke kai da wutsiya. Kusan kowane bidiyo an yi shi ne da zaton shi kaɗai za ka yi a ranar, don haka yana da nasa gaisuwar, da nasa ɗumama jikin, da nasa hucewar a ƙarshe. Idan ka liƙa uku yadda suke, za ka ɗumama jiki sau uku ka huce sau uku. Gumi ya fara zuba, zuciya ta ɗauki zafi, sai ga mai koyarwa yana cewa a zauna a ja numfashi, ga wani kuma ya shigo yana roƙon a danna masa alamar so. Jiki ya yi sanyi a tsakiyar aiki. Shi ya sa a takardar gwani za ka ga an rubuta abu kamar haka: na biyu, a fara daga 1:40, a tsaya a 9:15. Ɗumama ɗaya a farko, hucewa ɗaya a ƙarshe, tsakani kuwa hutun da bai wuce na kurɓar ruwa ba. Yakan zuba su a jeri ɗaya a wayarsa tun da dare, ko ya sauke su gaba ɗaya, don kada talla ko yankewar intanet su katse shi yana tsaka da haki. A inda data ke da tsada wannan dabara riba biyu ce, ga shi kuma abin da mutum ɗaya ya sauke yakan zaga ƙawaye ta Xender.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne wajen sanin wanne zai riga wanne.

A ɗauki matar aure mai minti 30 tsakanin tafiyar yara makaranta da ɗora girkin rana. Burinta ta ƙara ƙarfi, ta daina jin bayanta yana ƙagewa, kuma ta rage haki idan ta hau bene. Idan ta iya abin, za ta fara da minti 5 na motsi mai sauƙi da ke kaɗa gaɓoɓi: juya kafaɗa, kaɗa ƙafa, taku a wuri ɗaya. Wasu sukan ari atisayen rediyon Japan, wanda aka fara watsawa tun 1928 kuma har yau ake yinsa a makarantu da masana'antun ƙasar, domin cikin minti 3 da 'yan kai yana taɓa jiki daga wuya har idon sawu. Daga nan sai minti 12 na ƙarfi, wato ɗaga nauyi da tsugunno da makamantansu. Sai minti 8 na abin da ke sa haki. Sai minti 5 na miƙa mai tsawo a kan tabarma.

Me ya sa ƙarfi ya riga haki? Saboda motsin da ke buƙatar natsuwa da daidaito ana yinsa ne tun jiki bai gaji ba. Wanda ya yi minti 10 yana tsalle, ƙafafunsa na rawa, sannan ya ce zai tsaya da ƙafa ɗaya riƙe da nauyi, targaɗe yake nema. Haka ma bidiyon ciki, wanda kowa ke ɗokin farawa da shi. Tsokokin ciki da na ƙugu su ne ke riƙe ƙashin baya idan mutum ya sunkuya ya ɗauki abu mai nauyi. Idan aka gajiyar da su tun farko, an sallami mai gadi ke nan kafin a buɗe ƙofa. Don haka gwani kan tura su can kusa da ƙarshe. Miƙar da ake daɗewa a cikinta ita ma ƙarshe ne wurinta, lokacin da jiki ya yi ɗumi, domin doguwar miƙa kafin aikin ƙarfi takan ɗan rage kuzarin tsoka.

Amma wannan jeri ba wahayi ba ne, kuma a nan ake bambanta wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Saurayin da ke shirin gwajin gudu na shiga aikin ɗamara, numfashi ne babbar buƙatarsa, sai ya sa na hakin a gaba ya bar na ƙarfi a baya. Dattijon da ke tsoron faɗuwa, atisayen tsayuwa da daidaita jiki ne zai zo masa farko. Ƙa'idar ita ce abin da ka fi buƙata shi za ka ba ƙarfinka na fari.

Tunanin jera motsi ta yadda wani sashe zai huta yayin da wani ke aiki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1953 ne R. E. Morgan da G. T. Adamson na Jami'ar Leeds da ke Ingila suka tsara atisayen zagaye, inda mutum ke tashi daga wannan motsi zuwa wancan ba tare da dogon hutu ba. Bayan shekara 60, a 2013, Brett Klika da Chris Jordan suka wallafa tsarin nan da ya shahara da sunan atisayen minti 7 a wata mujallar ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka: motsi 12, kowanne sakan 30, hutun sakan 10 a tsakani, ba a buƙatar komai sai bango da kujera. Abin lura a tsarin shi ne jerin kansa. Na dukan jiki, sai na ƙafa, sai na hannu da ƙirji, sai na ciki, sannan a sake zagayowa. Mai harhaɗa bidiyo wannan hikimar yake ɗauka ya faɗaɗa: abin da su suka yi da sakan 30, shi yana yinsa da minti 10. Akwai kuma abin da masu tallata manhajojin minti 7 ba su cika faɗa ba, wato marubutan sun ba da shawarar a maimaita zagayen sau biyu ko uku gwargwadon lokacin mutum.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Gwani yana ganin abin da babu.

Duba motsi 12 ɗin nan da kyau. Akwai turawa, irin wadda ake kifewa a dogara da tafin hannu ana sauka ana tashi. Akwai tsugunno, akwai hawa kujera, akwai ƙame jiki a kan gwiwar hannu. Ko ɗaya babu na jawowa. Wannan giɓi yana cikin yawancin bidiyon da ake yi ba tare da kayan aiki ba, kuma ba sakacin masu koyarwa ba ne: tura ƙasa ba ya buƙatar komai, amma jawo abu sai da abin jawowa. Sakamakon haka mutum zai yi wata shida yana gina ƙirji da gaban kafaɗa, tsokokin gadon baya na kwance, ga shi kuma dama yini yake a duƙe kan waya ko keken ɗinki ko tebur. Mai ido ya lura da wannan, sai ya nemo gajeren bidiyon jan nauyi ya cusa a jerinsa. Ba shi da ƙarfen ɗagawa? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gorar ruwa mai lita 1.5 ta isa 'yar koyo, jarka mai lita 5 kilo 5 ke nan har da mariƙi, kuma ana iya rage ruwan ko a ƙara. Ya dafa kujera da hannu ɗaya, ya miƙe baya, ya jawo jarkar zuwa ƙugu. Babu bidiyon da ya gaya masa yana da wannan giɓin. Shi ya zauna ya kasa motsin jiki gida-gida, turawa da jawowa, tsugunno da sunkuyo, ɗauka da juyawa, ya ga wane gida ne babu kowa.

Bari in ɗan ratse kan Tabata, tunda sunan ya cika bidiyoyi. Izumi Tabata masani ne ɗan Japan da ya wallafa bincike a 1996 kan wani tsari da ake horar da 'yan tseren kan ƙanƙara na ƙasarsa da shi: sakan 20 na aiki, sakan 10 na hutu, har sau 8, jimilla minti 4. Waɗanda aka gwada a kansu matasa ne masu horo, a kan keken motsa jiki, da tsananin da ke kai mutum ga ƙarewar ƙarfi gaba ɗaya. Yawancin abin da ake kira Tabata a intanet agogon kawai ya ara, tsananin bai kai ko kusa ba. Wannan ba laifi ba ne, asali ma ya fi dacewa da mai motsa jiki a gida. Amma mai harhaɗawa ya san kada ya auna bidiyo da sunansa. Yana da ma'auni mai sauƙi a bakinsa. Idan yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, aikin matsakaici ne. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ya ja numfashi, mai tsanani ne, kuma irin wannan ba a jera biyu a zama ɗaya sai wanda ya daɗe a harkar.

Bayan jerin yini akwai jerin mako. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. A wannan fitowar ce aka cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi. Ga masu guntayen bidiyo wannan babban albishir ne: minti 7 bayan sallar asuba da minti 8 da yamma duk sun shiga lissafi. Gwani yakan bar kimanin kwana 2 kafin ya sake matsa wa tsokar da ya gajiyar, domin a hutu ne tsoka ke ginuwa. Idan Litinin ƙafa ta sha aiki, Talata ta hannu da baya ce ko ta tafiya mai sauƙi. Ya san tsamin jikin da ke zuwa washegari ko jibi abu ne da aka saba, musamman bayan sabon motsi, kuma ba shi ne shaidar an yi aiki ba. Ya kuma san bambancinsa da zafi mai suka a cikin gaɓa, wanda ke nufin a dakata.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da bidiyo: ba ya canjawa. Mai koyarwar da ke ciki zai ƙirga goma yau, ya ƙirga goma baɗi, da murmushi iri ɗaya. Jikinka kuwa yana sabawa, abin da ya sa ka haki a watan farko zai zama wasa a na uku. Mutane sukan kasu biyu a nan. Wasu su liƙe wa jeri ɗaya shekara guda suna mamakin tsayawar ci gaba. Wasu kuma kullum sabon bidiyo, duk abin da waya ta turo musu, har ba za su iya cewa sun fi jiya ƙarfi ba tunda ba su taɓa maimaita abu ɗaya ba. Gwani yana tsakani. Yakan riƙe ƙashin bayan jerinsa na makonni huɗu zuwa shida, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan a cikinsa: ƙarin ruwa a jarka, saukowa a hankali a tsugunno, ƙarin zagaye ɗaya. Gefen jerin ne yake sauyawa don kada ya gundura. Kuma yana rubutawa, domin ƙwaƙwalwa takan yi wa mai ita ƙarya a kan abin da ya ɗaga makon jiya.

Sannan ba ya jin kunyar saɓa wa allo. Mai koyarwa ya yi tsalle, shi ya taka. An ce sakan 45, ya yi 30 masu kyau ya tsaya. Bidiyo ya yi masa sauri, ya rage saurin. Wanda ke zaune a saman bene da maƙwabta a ƙasa, ko mai jaririn da ya samu ya yi barci da kyar, ya san tarin bidiyon da babu dira a cikinsu. Mai hawan jini ya san kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, domin hakan na ɗaga jini. Mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, musamman idan tiyata aka yi mata, da mai ciwon zuciya ko na suga, su jerinsu daga ɗakin likita yake farawa. Ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar atisaye kuwa ba abin daurewa ba ne, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Yawancin bidiyon nan an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyi a Amurka da Turai, kuma mai binsu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi dole ya yi nasa gyaran. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jerin da aka yi cikin daɗi a hunturu sai an rage shi ko a mayar da shi sanyin safiya. Da azumi, masu dabara kan raba shi biyu, miƙa da motsi mai sauƙi gab da shan ruwa, na ƙarfin kuma bayan an ci an huta ko bayan tarawihi. Ga matan da zuwa gidan motsa jiki bai yiwuwa gare su, ko don nisa, ko kuɗi, ko rashin wurin da babu cuɗanya, wannan fasaha ita ce ta mayar da tsakar ɗaki filin atisaye, ba tare da an nemi izinin fita ko kuɗin mota ba.

Abu ɗaya da ban taɓa ganin gwani ya ruɗu da shi ba shi ne alƙawarin kan bidiyo. Na Chloe Ting mai cewa za a samu shafaffen ciki cikin mako biyu, wanda ya fito a 2019, an kalle shi sau ɗaruruwan miliyoyi. Motsin da ke ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, wannan gaskiya ne. Amma kitse ba ya narkewa daga wurin da aka motsa kaɗai. Jiki ne ke zaɓar inda zai cire, kuma abin da ke shiga baki yana da babban kaso a maganar teɓa. Mai harhaɗawa zai ɗauki minti 10 ɗin ya sa su a gurbin ciki na ranar Laraba, ya bar alƙawarin a inda ya gan shi.

Kira na ga duk mai koyar da motsa jiki da ke shirin ɗora bidiyo da Hausa a YouTube ko TikTok: ku sauƙaƙa wa masu harhaɗawa. Ku ware ɗumama jiki a bidiyonsa daban, hucewa ma haka. Ku rubuta a ƙasa wane sashen jiki ake aiki a kai, da mintin da kowane motsi ya fara. Ku nuna sauƙaƙƙen salo ga mai ciwon gwiwa a gefen na mai ƙarfi. Kuma a cikinku a samu wanda zai yi mana minti 10 na jan jarka.